Ragon da Duk Dakoro Ta Taɓa

Duk wanda ya saba shiga karar Dakoro, inda ake cinikin dabbobi, ranar kasuwa ya san Harisu ɗan Mamani, in bai san sunansa ba to ya san muryarsa. Dogo ne siriri, da rawani wanda kullum gefe ɗaya ke kwancewa, da sanda wadda bai taɓa dukan dabba da ita ba, nuni kawai yake yi. Dillali ne ɗan dillali. A gidansu na bayan kara aka haife shi, gidan nan mai faffaɗan zaure da ubansa ya gina saboda baƙi, wato makiyayan da ke gangarowa daga Tagriss da rugagen da ke bayanta.

Ga wanda bai sani ba, dillancin kara ba tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ne. Makiyayi in ya shigo gari, gidan dillalinsa yake sauka. Nan zai ci, nan zai sha shayi, nan zai ɗaure dabbobinsa. Dillali ne zai tsaya wa dabba ya ce ba ta sata ba ce, ba ta da ciwon ɓoye, in kuwa ta fito da aibi wuyansa za a kama. Kuma ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa sun haɗa hannu a gaban shaidu. Wannan haɗa hannun shi 'yan kara ke ce wa "an taɓa". In ba a taɓa ba, ko da rago ya wuni ana mammatsa masa gadon baya ana buɗe masa baki, dillali haka zai kakkaɓe rigarsa ya koma gida. A kan wannan Harisu ya tashi, a kansa ya yi aure, a kansa furfura ta same shi.

Sai waya ta shigo kara, ta lalata komai. Tun Harisu na yi wa abin dariya har ya daina. Makiyayi yana can rugarsa zai aika da foto, wani ɗan kasuwa a Maradi ko Yamai ya gani, a gama magana dabba ba ta taka Dakoro ba. Masu gangarowa ma suka koma wajen irin su Abdurrazak, wani dillali mai wayoyi a kowane aljihu, wanda ke durƙusawa ƙasa ya ɗauki ɗan akuya foto daga ƙarƙashi har ya fito kamar maraƙi. Tir da wannan sana'a! Harisu in ya gan shi a durƙushe cikin kashin awaki yana neman inda dabba za ta fi ƙarya, sai ya kau da kai. Amma baƙi dai can suke tafiya. Zauren Mamani da a da sai an yi shimfiɗa har waje, ya koma wurin da Dela, matar Harisu, ke shanya kuɓewa.

Baƙo ɗaya ya rage, Abdoulaye na Tagriss. Ubansa gidan Mamani yake sauka, shi ma tun yana biyo uban, nan yake sauka. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce i ta zauna, in ya yi shiru kuma ka kiyaye shi.

Ana saura 'yan makonni Layya Abdoulaye ya iso da rago a bayan mota. Da aka sauke shi, Dela da ke leƙe daga ƙofa ta ce, "Tubarkalla!" ba ta san ta faɗa ba. Balami ne tsantsa, fari sol, kunnuwa sun zubo har ƙasan muƙamuƙi, hanci a lanƙwashe, ƙirji kamar ƙofar rumbu. Harisu ya zagaya shi, ya sa hannu a gindin wutsiya.

Bayan sun ci tuwo, Abdoulaye ya ce, "Maigida, rani ya cinye mini tumaki, kai ma ka ji. Wannan shi na tsare, na hana kaina na ba shi. Da shi nike son in maida garke, in sai hatsin damina. An ce a Yamai masu hali na sayen irinsa ta waya da daraja. Abdurrazak ya aiko mini, na ce ni gidan Mamani nike sauka." Ya juya kofin shayi. "Amma in abin wayar nan ba ka iya shi, faɗa mini tun yanzu. Ba ɓacin rai."

Harisu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya gane sarai abin da ake nufi. In ragon nan bai tafi Yamai ta hannunsa ba, zauren ya rufe ke nan. Ya ce, "Haba Abdoulaye. Koma rugarka. Kafin Salla za ka ji kira."

Washegari ya nufi butik ɗin Mushe Sharfaddeen, wato shagonsa. Tsohon malamin makarantar lakwal ne da ya bar alli ya koma aika kuɗi ta waya. Shi ne kuma wakilin wata babbar kasuwar intanet, irin wadda ake sayar da komai a ciki, daga firji har takalmi, da Layya ta matso kuma har raguna. Mutumin Yamai zai zaɓa a waya ya biya, kamiyon kasuwar, babbar motarsu ta kaya, ya zo ya kwashe daga garuruwa ya kai masa har ƙofa.

Sharfaddeen ya zo gida da kansa. Aka wanke rago da sabulu, aka tsayar da shi jikin katanga, aka ɗauke shi foto a tsaye, ba durƙuso. Suka koma butik ya saka shi a kasuwar. Sannan ya juyo da wayar ya rubuta "rago", sai ga raguna sun zubo ba iyaka. Ya yi ta ja da yatsa, ya yi ta ja, har Harisu ya gaji da kallo, ba su kai ga nasu ba.

"Ka gani, Baba Harisu? Naka yana can ƙasa inda ba mai gangarawa. In kana son ya hau sama, sai ka yi talla. Ka sayi kalma."

"In sayi mi?"

"Kalma. Misali balami. Duk wanda ya rubuta balami yana nema, naka zai fara gani."

Harisu ya dube shi sama da ƙasa. "Mushe, kalmar da Allah ya ba kowa kyauta? Wadda kakana ke faɗa tun ba a haifi mai kasuwar ba? Wa ya sayar musu da ita har suke sayar mini?"

Sharfaddeen ya yi dariya. "Haka abin yake. Amma kwantar da hankalinka. Ajiya kawai za ka zuba. Ba a cire maka komai sai an taɓa."

To, a nan ne aka yi ɓarnar. Sharfaddeen dannawa da yatsa yake nufi, haka yake fassara wa kowa, bai kawo komai a ransa ba. Harisu kuwa kalmar gidansu ya ji. Nan take fuskarsa ta saki. Ashe mutanen nan sun san dillanci! Ashe su ma la'ada suke ci, sai ciniki ya faɗa an haɗa hannu. Ya ce, "Sai an taɓa?" Sharfaddeen ya ce, "Sai an taɓa." Kowa ya gamsu da abin da ya ji. Harisu ya koma gida ya ɗauko abin da ya tanada don ragon layyar gidansa, ya kawo ya zuba, tunda a ganinsa ajiya ce da za ta zauna har ranar ciniki.

Kafin la'asar Sharfaddeen ya rubuta "balami" a gabansa. Sai ga ragon Abdoulaye a kan gaba, a saman duk ragunan ƙasar, fari tas, da wani ɗan rubutu ƙanƙane a gefe da Harisu bai damu da shi ba. Harisu ya danna da kansa, foto ya buɗe ya cika waya. Ya koma ya sake dannawa don daɗi. Sharfaddeen na can yana sallamar masu aika kuɗi, bai lura ba.

A Dakoro in dabba ta gari ta sauka gidan dillali, ba a ɓoye ta. Maƙwabta za su shigo, 'yan kara za su shigo, kowa ya shafa, ya matsa, ya ce tubarkalla masha Allah. Yawan hannun da ya sauka a kan dabba shi ne darajarta, kuma mai gida da ya hana a taɓa, ana cewa akwai abin da yake rufewa. Saboda haka Harisu ya yi abin da ubansa zai yi. Ya ɗaga tsohuwar wayarsa ya yi saƙon murya: "Jama'a, Harisu ne ɗan Mamani. Ku shiga kasuwar nan ta intanet ku rubuta balami. Na farkon da za ku gani, na baƙona ne. Ku buɗe ku sha kallo, ku sa albarka." Ya tura wa 'yan kara, ya tura wa dangi.

Kai, saƙon nan ya yi tafiya! 'Yan kara suka tura wa 'yan tasha, 'yan tasha suka tura Kornaka. Dela ta ba matan adashinsu, su kuma suka ba 'ya'yansu da ke Agadas da Libiya. Mai shayin bakin kara ya mayar da abin nishaɗin teburinsa, duk wanda ya zauna sai an buɗe masa ragon Harisu. Wani tsoho da ko akuya bai taɓa saye ba ya tare Harisu a masallaci ya ce kullum bayan asuba sai ya sa jikarsa ta buɗe masa ya gani. Harisu ya yi ta godiya, yana tafiya rawani na kwancewa bai ma gyara ba. A cikin kwanakin nan wani ɗan kasuwar Maradi ya zo har gida ya taya ragon tayi mai kyau, irin wanda a wata shekarar Harisu zai kama hannunsa da sauri. Harisu ya ce masa albarka, wannan na Yamai ne.

Ranar kasuwa da hantsi, mai shayi ya kira shi. "Baba Harisu, ragonka fa ya canza kama."

Harisu ya karɓi wayar. A saman, inda ragon Abdoulaye yake, wani rago ne mai dabbare-dabbare a wuya, gajeren kunne, an ɗauke shi daga ƙasa har ƙafafunsa sun yi tsawon na raƙumi. A ƙarƙashi an rubuta balami. Ko makaho ya shafa kunnen nan ya san ba balami ba ne. Katangar da ke bayansa kuwa Harisu ya san ta, ta gidan Abdurrazak ce.

Bai san lokacin da ya isa butik ba. "Mushe, ina ragona?"

Sharfaddeen ya duba, ya ɓata fuska, ya sake dubawa. "Ajiyarka ta ƙare, Baba."

"Ta ƙare? An saya ke nan?"

"Ba a saya ba. An dai taɓa. Wallahi ban taɓa ganin tallar da aka taɓa kamar wannan ba."

"Wa ya taɓa da wa? Ina mai sayen? Ina shaidu?"

Sai a lokacin Sharfaddeen ya gane, ya dafe kai. Ya yi bayani a hankali, cewa taɓawa dannawa ce, duk yatsan da ya sauka a kan foton ana cire wani abu daga ajiya, ko mai yatsan ya saya ko bai saya ba.

Harisu ya nemi benci ya zauna. "Tsaya in fahimta. Mutum ya shafa rago, bai taya ba, bai ce uffan ba, ya wuce, ni kuma a caje ni?"

"Haka ne."

"Tsohon nan na masallaci, kullum asuba, ni nike biya?"

"Kasuwar ba ta tambayar yatsan wa ne, Baba."

"A'uzubillahi! To kalmar fa? Ba na saye ta ba? Ya aka yi ta koma hannun Abdurrazak?"

"Ba a sayar da ita gaba ɗaya. Gwanjo ne. Duk sanda wani ya rubuta ta, sai a sake tayawa, wanda ya fi bayarwa ya hau sama."

"Ciniki a kan ciniki ke nan. Saniya ɗaya a sayar wa mutum goma, kowa a ce masa tasa ce." Ya nuna foton da sandarsa. "Wannan abin kuma, wa ya tsaya masa ya ce balami ne? A cikinsu akwai wanda ya buɗe bakinsa ya ga haƙori?"

"Ba mai dubawa. Wanda ya biya shi ke rubuta abin da ya so."

Harisu ya tashi ya fita waje ya tofar da yawu. Shekarunsa duka a cikin kashin shanu da warin fitsarin raƙuma ya yi su, bai taɓa jin ƙyamar wuri kamar yadda ya ji ƙyamar kasuwar nan da ko ƙasa ba ta da ita ba. A kara, dillalin da ya karɓi kuɗi don ya tura rago marar asali gaba ya kira shi balami, ranar zai bar garin. Su kuwa nan wannan shi ne sana'ar, har da ɗan rubutunsu na "talla" a gefe, wai don kada a ce sun ɓoye.

Amma ƙyama ba ta sayar da rago. Kamiyon kasuwar zai biyo ta Dakoro kafin Salla, kuma ragon da aka riga aka biya kawai yake ɗauka. Harisu ya koma ciki ya sake zuba ajiya da abin da ya saura a hannunsa. Rago ya koma sama. Kafin Harisu ya isa gida, mai shayi ya aiko masa da albishir cewa ragon ya dawo, kowa na ta buɗewa.

Nan Harisu ya shiga aikin da bai taɓa mafarkin yi ba. Dillali ɗan dillali ya bi kara rumfa rumfa yana roƙon mutane kada su kalli hajarsa. Ya je teburin mai shayi, ya je tasha, ya tsaya ƙofar masallaci. Ya yi sabon saƙon murya yana cewa don Allah don Annabi a daina buɗe ragon nan. Wasu ba su gane ba suka buɗe don su ga me ya same shi. Wasu suka gane ta wata fuskar. Wata 'yar adashin su Dela ta zo har tsakar gida ta ce, "Dela, ashe mu mayu ne ba mu sani ba? Mijinki ya ce mu sa albarka, yanzu ya ce idonmu na cin ragonsa?" Tsohon nan na masallaci ya daina amsa masa sallama da kyau. A kara kuma aka fara raɗa cewa ragon na da ciwo, shi ya sa ake hana gani. Saƙon farko kuwa yana can yana yawo a Kornaka da Agadas, ba mai iya kamo shi.

Da yamma Dela ta same shi zaune kusa da ragon yana zuba masa harawa. Ta ce, "Malam, ka kira na Maradin nan mana." Ya kira. Mutumin ya ce ya riga ya cika motarsa, kuma ma ya ji wata magana game da ragon.

Ajiya ta biyu ba ta kai ta farko daɗewa ba. Ranar da kamiyon ya zo, Harisu na tsaye a bakin hanya ya ga an tura mai dabbare-dabbaren nan sama da igiya, wani bawan Allah a Yamai ya biya kuɗin balami. Abdurrazak ya ɗago masa hannu da fara'a. Harisu bai ma ji haushinsa ba, ya juya ya kama hanyar gida. Sallar bana gidan Mamani ba a yi yanka ba, ga kuma ragon da ya fi kowane rago a garin ɗaure a tsakar gida yana tuƙa.

Bayan Salla Abdoulaye ya gangaro. Harisu bai rage komai ba, ya faɗa masa tun daga kalmar har tayin na Maradi da ya mayar. Abdoulaye ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Sayen kalma." Ya girgiza kai. Bai ƙara ba sai, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Kasuwar raguna ta riga ta faɗi warwas, kamar yadda take yi duk bayan Layya. Wani mahauci ya saye shi a kan abin da ko rabin garken ba zai mayar ba. Harisu ya ƙi karɓar la'ada, Abdoulaye bai matsa ba. Ya kwana, ya yi sallama da Dela, ya hau mota.

Damina ta wuce, aka yi girbi, makiyaya suka fara gangarowa. Wata ranar kasuwa da sassafe Harisu ya shiga kara, sai ya hango Abdoulaye tsaye da 'yan awaki, ya riga shi isowa. Abdoulaye ma ya gan shi. Ya taho da sauri, ya cire takalmi, ya kama hannun Harisu da hannu biyu, ya rusuna fiye da yadda ya saba.

"Ina kwana, Baba Harisu? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Abdoulaye. Yaushe a gari?"

"Jiya da la'asar." Ya kau da ido. "Ya mutanen gida? Ya Inna Dela, tana nan lafiya?"

Harisu ya tsaya da hannunsa cikin na Abdoulaye. Tun yaron nan yana biyo ubansa bai taɓa yi masa wannan tambayar ba, don mutumin da ya kwana a gidanka ba ya tambayarka lafiyar mutanen gida.

"Tana nan lafiya," ya ce.

"A gaishe ta."

"Za ta ji."